Da'irar Tayar da Ƙwaƙwalwar Na'ura: Yadda Ake Tsara Ta Don Ta Jure Wutar Najeriya

Maikurokontrola ita ce 'yar ƙaramar ƙwaƙwalwar lantarki da ke cikin sikelin awo na zamani, da agogon lokutan salla da ake ratayawa a masallatai, da inbata, da mitar wuta ta kati, da akwatin da ke kunna famfon rijiyar burtsatse. Kwamfuta ce cikakkiya a ƙwaya ɗaya wadda sau da yawa ba ta kai faɗin farcen babban yatsa ba. Kamar kowace kwamfuta, tana bin umarnin manhaja ɗaya bayan ɗaya, kuma wajibi ne ta fara daga umarni na farko. Da'irar tayarwa, wadda masu gyara ke kira riset, ita ce ɓangaren da ke riƙe ƙwaƙwalwar ya hana ta motsi har sai wuta ta kai ƙarfin da ya dace, sannan ya sake ta ta fara aiki daga mafari.

A ƙasashen da wuta ke zaune daram, wannan ɓangare kan yi aikinsa sau ɗaya, ya kwana biyu ba a sake waiwayarsa ba. Lamarin ya bambanta a unguwannin da Hausawa 'yan kasuwa suka yi matsuguni a kudu maso gabas da yankin Neja Delta, irin su Gariki da kasuwar New Artisan a Inugu, da kewayen titin Bida a Anaca, da Diobu a Fatakwal. Kamfanin EEDC ne ya karɓi raba wuta a shiyyar Inugu da Anaca, PHED kuma a Fatakwal, lokacin da aka miƙa harkar rarraba wuta ga 'yan kasuwa a 2013. Amma na'urar da ke shagon mai cajin waya ko rumfar mahauci ba wutar layi kaɗai take sha ba. A yini guda za ta iya ɗanɗana wutar layi, da ta janareta, da ta batirin sola, ta kuma sake komawa layi, kowane sauyi da irin girgizarsa. Na'urar da aka tsara da tunanin cewa wuta kan zo lokaci guda da cikakken ƙarfinta ita ce wadda ake tararwa da safe fitilarta a kunne, amma ta sandare.

Abin da ake jira kafin a saki ƙwaƙwalwar

Abubuwa biyu ne. Na farko shi ne ƙarfin wuta. Kowace maikurokontrola tana da mafi ƙarancin ƙarfin da za ta yi lissafi daidai a kansa, kuma wannan iyaka tana tafiya da saurin da ake son ta yi. ATmega328P, wadda ke cikin allon Arduino Uno da ɗaliban kwalejojin fasaha suka fi sabawa da shi, tana aiki da bolt 1.8 idan saurinta bai wuce megahaz 4 ba. Tana buƙatar bolt 2.7 a megahaz 10, da bolt 4.5 a megahaz 20. A ƙasa da iyakar ba mutuwa take yi nan take ba, wanda da ya fi sauƙi. Takan ci gaba da gudu tana karanta umarni a karkace, ta tsallake wani, ta rubuta abu a inda bai kamata ba.

Na biyu shi ne agogonta. Kiristal ɗin da ke ba ta bugun lokaci ba ya daidaita da zarar wuta ta shiga, yana ɗaukar 'yan milisakan, wato kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa, kafin bugunsa ya zauna. Shi ya sa PIC16F877A ta kamfanin Microchip take da jinkirin cikin gida na kimanin milisakan 72, sannan ta ƙirga bugun kiristal 1,024 kafin ta fara. A ATmega328P kuwa ana iya zaɓar jinkirin milisakan 65 don wutar da ke hawa a hankali.

Tsohuwar dabara da iyakarta

Dabarar da aka gada ita ce razista ɗaya da kafasita ɗaya. Kafasita kamar randa ce, razista kuma siririn bututun da ke cika ta. Idan wuta ta shigo, randar tana ɗaukar lokaci kafin ta cika, kuma muddin ba ta cika ba ƙafar riset tana riƙe da ƙwaƙwalwar. A dangin 8051, wanda Intel ta fitar a 1980 kuma har yau ake koyar da shi, haɗin da aka sani shi ne kafasita mai maikurofarad 10 da razista mai kilo'om 8.2. Ƙafar riset ta 8051 tana riƙewa ne idan wuta tana kanta. A dangin AVR da PIC da STM32 akasin haka ne, tana riƙewa idan an ja ta ƙasa, don haka ake juya matsayin razista da kafasitar. Mai koyon da ya kwafi zanen wani dangi ya ɗora a kan wani zai sami na'urar da ba ta tashi ko kaɗan.

Lissafin mai sauƙi ne. Idan aka ninka razista da kafasita za a sami lokacin da kafasitar ke ɗauka ta kai kashi 63 cikin ɗari na ƙarfin wutar. Kilo'om 10 da nanofarad 100 suna ba da milisakan 1, kilo'om 10 da maikurofarad 10 kuma milisakan 100. Sai dai wannan adadi ya fi kyau a takarda. Kamfanin da ke ƙera ATmega328P bai yi alkawarin wani matsayi guda da ƙafar riset za ta saki ba, ya ce dai tsakanin kashi 20 ne da kashi 90 cikin ɗari na ƙarfin wutar. Da wancan haɗi na milisakan 100, jinkirin na iya zama milisakan 22 a wata ƙwaya, ya zama 230 a wata. A ƙara da cewa kafasita mai ruwan sinadari kan saɓa wa adadin da aka rubuta a jikinta da kashi 20, kuma zafi yana busar da ita da tafiyar shekaru.

Babban aibin dabarar shi ne lokaci take ƙirgawa, ba ta san ƙarfin wuta ba. Idan wutar ta hau a hankali, kamar ta farantin sola da hantsi ko ta batirin da ya ƙare ake fara yi masa caji, kafasitar za ta riƙa bin ta kafaɗa da kafaɗa. Ƙafar riset za ta saki tun wutar tana bolt 2, a na'urar da ke buƙatar kusan 4. Takardar bayanin PIC16F877A ma ta gindaya sharaɗi a kan haka: riset ɗinta na ciki yana buƙatar wuta ta hau da saurin aƙalla bolt 0.05 a kowane milisakan, wato ta kai bolt 5 cikin kashi ɗaya bisa goma na daƙiƙa.

Haka kuma idan wuta ta ƙyafta ta dawo. Kafasitar tana cike, ba ta sami lokacin zubewa ba, saboda haka ba ta sake riƙe ƙwaƙwalwar. Ana rage wannan da ɗora dayod irin 1N4148 a kan razistar ta yadda kafasitar za ta zube da sauri idan wuta ta ɗauke. Dayod ɗin yana da amfani, kuɗinsa ba wani abu ba ne, amma taimakonsa yana tsayawa ne ga wutar da ta faɗi ƙasa warwas. Wadda ta sauka zuwa bolt 3 ta tsaya a can, ba ya iya mata komai.

Wutar da ba ta ɗauke ba, ba ta kuma cika ba

A nan gizo yake saƙar. Wutar Najeriya a ƙa'ida bolt 230 ce mai juyawa sau 50 a daƙiƙa, amma duk mazaunin unguwa mai cunkoso ya san lokacin da ƙwan fitila ke yin ja, fanka na juyawa da ƙyar. Ya san kuma nishin da ƙaramin janareta ke yi idan firiza ta tashi, domin injin firiza kan ja wuta ninki da yawa a daƙiƙar farko.

Misali zai nuna yadda wannan ke isa ga ƙwaƙwalwar. A ɗauki allo mai regileta 7805, wadda ke fitar da bolt 5 amma take buƙatar kimanin bolt 7 a bakin shiga. A gabanta akwai kafasita mai maikurofarad 1,000 da aka cika zuwa bolt 12, allon kuma yana shan miliamfiya 100. Da zarar wuta ta yanke, kafasitar tana rasa bolt 1 a kowane milisakan 10. Cikin milisakan 50 ta sauko bolt 7, daga nan wutar ƙwaƙwalwar ta fara zamewa. Mutumin da ke juya makunnin sauyi daga layi zuwa janareta da hannunsa yakan ɗauki fiye da haka, amma ba lallai ya daɗe har wutar allon ta ƙare ƙarƙaf ba. Ƙwaƙwalwar ta shiga yankin ruɗu ke nan ta fito ba tare da an mayar da ita mafari ba. Idan kuwa wutar layi ce ta yi ƙasa har abin da ke isa regileta bai kai bolt 7 ba, za ta iya wuni a wannan yanki.

Asarar ba ta tsaya ga sandarewa ba. Yawancin waɗannan na'urori suna da ma'adana ta dindindin, wadda ake kira EEPROM, inda sikeli ke ajiye daidaiton awonsa, agogon masallaci ke ajiye saitin garinsa, inbata ke ajiye matsayin da za ta yanke batir. Rubuta harafi ɗaya a wannan ma'adana a ATmega328P yana ɗaukar kimanin milisakan 3.3, kuma takardar kamfanin ta yi gargaɗin cewa raunin wuta yana gurɓata abin da ke ciki, ko dai saboda rubutun bai kammala ba, ko saboda ƙwaƙwalwar ta yi rubutun da ba a umarce ta ba. Sikelin da ya mutu an san ya mutu. Wanda daidaitonsa ya gurɓace yana ci gaba da nuna lambobi, mai saye ko mai sayarwa na cutuwa ba wanda ya sani.

Mai auna wuta na ciki

Masu ƙera maikurokontrola sun daɗe da sanin wannan, sun kuma saka mai lura da raunin wuta a cikin ƙwayar. Aikinsa shi ne ya riƙe ƙwaƙwalwar duk lokacin da wuta ta sauka ƙasa da wani matsayi, ya sake ta bayan ta dawo ta ɗan zarce matsayin, don kada ya riƙa kamawa yana saki a bakin iyaka. A PIC16F877A matsayin yana wajen bolt 4. A ATmega328P akwai zaɓi uku: 1.8, da 2.7, da 4.3. Sabuwar ƙwaya daga kamfani tana zuwa ne da shi a kashe, sai mai tsarawa ya kunna.

Akwai wani giɓi da ya kamata duk mai amfani da Arduino Uno ya sani. Allon yana gudu a megahaz 16, wanda bisa ma'aunin kamfani yake buƙatar kusan bolt 3.8, amma an saita mai lurar a 2.7. Tsakanin 2.7 da 3.8 ƙwaƙwalwar tana aiki a wajen iyakar da aka lamunce mata. A teburin gwaji, da wutar kwamfuta, ba a ganin illar. Wanda zai kai allon rumfar kasuwa ya fi masa alheri ya ɗaga matsayin zuwa 4.3, ko ya rage saurin zuwa megahaz 8 idan aikin ba ya buƙatar gudu.

ESP32 ta kamfanin Espressif na Shanghai, wadda ta fito a 2016 kuma ta yaɗu saboda tana da Wi-Fi, tata matsalar daga cikin gida take. Duk sanda ta buɗe rediyonta takan fizgi wuta mai yawa nan take, shi ya sa ake son tushen da zai iya ba ta miliamfiya 500. Siririyar wayar caji ko caja mai arha sun isa su sa ta riƙa komawa mafari ba ƙaƙƙautawa. Wasu kan kashe mai lurar don su huta da ƙorafinsa. Wannan daidai yake da cire fitilar gargaɗin mai a mota. Maganin shi ne waya mai kauri, da regileta mai ƙarfi, da kafasita babba kusa da ƙwayar.

Mai sa ido na waje

Ga na'urar da za a bari ba mai kula, hanyar da ta fi aminci ita ce ƙwaya ta musamman mai ƙafa uku: ɗaya ga wuta, ɗaya ga ƙasa, ɗaya ga ƙafar riset. MAX809, wadda Maxim ta ƙera kafin Analog Devices ta saye kamfanin a 2021, ita ce aka fi sani, kuma kamfanoni da dama suna yin irinta. Tana auna wuta ba dare ba rana. Idan ta sauka ƙasa da matsayi sai ta ja riset ƙasa, idan ta dawo sai ta ƙara jira aƙalla milisakan 140 kafin ta saki. Hawa a hankali, da ƙyaftawa, da raunin wuta, duk amsa ɗaya take ba su. MAX810 tagwaiyarta ce ga dangin 8051. Akwai kuma MCP130 ta Microchip da TL7705 ta Texas Instruments.

Harafin da ke ƙarshen lambar shi ke faɗin matsayin, kuma a nan mai saye a kasuwa ke buƙatar buɗe ido: L bolt 4.63 ne, M 4.38, T 3.08, S 2.93, R 2.63. Dole matsayin ya kasance sama da mafi ƙarancin abin da ƙwaƙwalwar ke buƙata, ya kuma kasance ƙasa da mafi ƙarancin abin da regileta mai lafiya za ta iya fitarwa. 7805 na iya sauka zuwa bolt 4.75 ba tare da ta lalace ba, wanda ya yi kusa ainun da inda mai harafin L za ta iya kamawa idan aka yi zafi. Mai harafin M ta fi barin sarari. A allo mai bolt 3.3, S ko T ake ɗauka, mai L kuwa za ta riƙe shi har abada.

Sai a lura da wani abu guda. MAX809 tana tura ƙafar riset sama da ƙarfi kamar yadda take jan ta ƙasa. Idan akwai maɓallin riset na hannu, ko na'urar loda manhaja, ko kuma ƙwaƙwalwar irin STM32 ce wadda ita ma kan ja ƙafar ƙasa da kanta, za a sami ja-in-ja a kan waya ɗaya. A irin wannan hali ana ɗaukar MAX803, wadda ja ƙasa kawai take yi, a haɗa ta da razista mai kilo'om 10 zuwa wuta.

Abin da ke faruwa lokacin da ƙwaƙwalwar ke riƙe

Wannan ɓangare ne da masu koyo suka fi mantawa. Muddin ƙwaƙwalwar tana riƙe, ƙafafunta a sake suke, ba sama ba ƙasa. Tiransiston da ke kunna famfo ko injin sanyi na iya ɗaukar hayaniyar lantarki ya kunnu da kansa. Razista ɗaya da ke jan ƙofar tiransiston ƙasa ita ke tabbatar da cewa komai a kashe yake har sai manhaja ta ba da umarni. Ga firiza, manhajar kanta ya kamata ta jira minti uku zuwa biyar bayan kowace tashi kafin ta kunna injin, domin tayar da shi kafin matsin iskar gas ya sauka yana ƙona shi. Ga mai sayar da nama ko ƙanƙara, jari ne ke rataye a kan wannan jinkiri.

Akwai kuma wutar da ke shigowa ta bayan gida. Idan an haɗa allon da wata na'ura mai nata batir, wuta kan sulale ta ƙafafun saƙo ta riƙe ƙwaƙwalwar a bolt ɗaya ko biyu ko da an kashe ta. Riset na ciki ba ya sake ɗanawa sai wuta ta sauka ƙasa sosai. Wannan shi ne sirrin shawarar da masu gyara ke bayarwa cewa a zare komai, a ƙirga goma, a mayar. Mai tsarawa yana iya sauke wa mai na'ura wannan wahala da razistar da ke zubar da ragowar wuta, da razistoci a kan wayoyin saƙo.

Yanayin wuri ma yana da ta cewa. Fatakwal tana samun ruwan sama sama da milimita 2,000 a shekara, kuma tun ƙarshen 2016 mazauna birnin suka san baƙar ƙurar hayaƙi da ke sauka a kan kaya. Ƙura da laima idan suka haɗu a kan allo suna buɗe wa wuta ƙananan hanyoyi tsakanin layuka. Razista mai megom ɗaya a ƙafar riset ba za ta iya da wannan yoyo ba, mai kilo'om 10 kuwa ba ta ma jin sa. Layin riset ya zama gajere, nesa da rile da wayoyin inji, da kafasita mai nanofarad 100 a jikinsa da wata a ƙafar wutar ƙwayar. A wanke ragowar man dalma, a shafa wa allon fenti mai hana laima.

Idan duk da haka manhaja ta maƙale, akwai mai gadi na ciki, wato ƙidayar da manhaja ke sharewa a kai a kai, idan ta kasa sharewa sai ƙidayar ta mayar da ƙwaƙwalwar mafari. Irin wannan tsari ne ya riƙa tayar da kwamfutar kumbon Mars Pathfinder na Amurka a 1997 har injiniyoyi suka gano matsalar suka aika gyara daga duniya. ATmega328P tana ajiye alamar dalilin kowace tashi, ko sabuwar wuta, ko raunin wuta, ko ƙafar riset, ko mai gadi. Manhajar da ke karanta wannan alama ta nuna ta da ƙyaftawar fitila tana rage wa mai gyara laluben yini guda. Muhimman saituna kuma a ajiye su kwafi biyu, kowane da lambar tantancewa, don idan ɗaya ya gurɓace a ɗauki ɗayan.

Gwaji

Kunnawa sau ɗaya a ga ta tashi ba gwaji ba ne. Ana haɗa allon da tushen wuta mai maɓallin ragewa da ƙarawa, a ɗaga shi daga sifili zuwa bolt 5 cikin daƙiƙa talatin, a ga ko ya tashi daidai. A sauke shi zuwa bolt 3, a bar shi minti ɗaya, a mayar. A kashe a kunna da sauri sau ɗari, ana duba saitunan da aka ajiye bayan kowane zagaye goma. Daga ƙarshe a ɗora shi a kan ƙaramin janareta tare da firiza ko injin markaɗe, a juya makunnin sauyi da hannu kamar yadda yaron shago zai juya shi. Duk wannan a ɓangaren ƙaramar wuta ake yi, domin kafasitar da ke ɓangaren bolt 230 tana riƙe caji mai kisa ko bayan an zare na'urar daga soket. Kayan da aka saya a warwatse a kasuwa, musamman ƙwayoyin sa ido da lambarsu ta goge ko ta dusashe, a auna matsayin da kowace ke kamawa da mita kafin a liƙa ta a kan allo.